Maƙeran Bulon Roba: Sana'ar da Ƙin LEGO Ya Haifa

A watan Yulin 2020 kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya yi abin da 'yan kasuwa ba su cika yi ba. Ya janye kaya bayan an ƙera, an zuba a kwali, har an soma kai wa shaguna. Kayan kuwa jirgin wasa ne na harhaɗawa, kwaikwayon V-22 Osprey, jirgin nan da ke tashi a tsaye irin na mai saukar ungulu, sannan ya karkatar da farfelarsa gaba ya miƙa kamar sauran jirage. Ranar 1 ga Agusta aka sa za a fara sayarwa. Sai wata tsohuwar ƙungiyar masu adawa da yaƙi ta Jamus, DFG-VK, ta ɗaga murya, ta ce wannan jirgi ai na soja ne, kuma kuɗin lasisinsa aljihun kamfanonin Bell da Boeing zai shiga, su kuwa makamai suke ƙerawa. Kamfanin ya ce da ma aikin ceto ya yi niyyar nunawa, amma ya amsa cewa sojoji kaɗai ke amfani da jirgin, ya soke shi. 'Yan kwalayen da suka riga suka sulale zuwa hannun masu saye sun koma abin nema ruwa a jallo, farashinsu ya ninka sau da yawa.

Faɗuwar wani tashin wani. Tun da daɗewa LEGO ta ce ba za ta yi kwaikwayon makaman zamani da motocin yaƙi na gaske ba, alhali masu son su ba su ƙirguwa. A wannan gurbi da ta bari wata sana'a ta tsiro. Akwai mutane a Amurka da Turai da Japan waɗanda abincinsu ke nan: su zana tankar yaƙi ko jirgin ruwan soja da bulon roba, su tara kayan haɗi, su rubuta littafin yadda ake harhaɗawa, su sayar.

Tushen kamfanin kansa kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, wanda ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932. Jamus ta mamaye Denmak daga 1940 zuwa 1945, saboda haka gidan ya ga soja a ƙofarsa. Duk da haka, a shekarar da aka gama yaƙin kamfanin ya fitar da ƙaramar bindigar wasa ta katako, ta kuma samu kasuwa. Tsarin ƙin kayan soja daga baya ya kankama, zamanin ɗansa Godtfred, wanda ya yi wa bulon da muka sani yau rajista ranar 28 ga Janairu, 1958. Ganuwar mayaƙan dauri da suka fitar a 1978 launin ruwan ɗorawa aka yi ta, kuma masu sana'ar suna yawan ba da labarin cewa an guje wa ruwan toka ne don kada yara su samu abin gina tanka.

Sai dai iyakar nan ba miƙaƙƙiya ba ce. Takobi da mashi sun shiga kwali a 1978 ɗin, bindigogin 'yan fashin teku suka biyo, na Star Wars suka zo a 1999. Kamfanin ya taɓa fitar da Sopwith Camel, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya, har sau biyu, a 2001 da 2012. Wani bincike da Christoph Bartneck da abokan aikinsa na Jami'ar Canterbury ta Niyu Zilan suka wallafa a 2016 ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na kwalayen LEGO na lokacin akwai makami a ciki. Ashe ba makami suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne yaƙin da har yanzu akwai masu tabonsa a jiki.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ƙi shi ne Daniel Siskind na birnin Minneapolis. Shi ya kafa kamfanin Brickmania a 1999. Abin dariya, kafin nan an san shi ne da buga mujallar Profane Existence, ta matasan mawaƙa masu tawaye ga hukuma da yaƙe-yaƙenta. Ba ma da tanka ya fara suna ba, da maƙera ya fara: wani shagon maƙeri na zamanin da da ya zana ya burge LEGO har ta karɓa ta fitar da shi da sunanta a 2002. Daga baya ne ya lura cewa kayan soja su mutane ke nema ba sa samu. Yau kamfaninsa na da masu zane da masu ɗab'i da masu ƙirga kaya, amma ba ya zuba bulo. Bulon LEGO na asali yake saye daga kasuwar bayan fage, ɗaya-ɗaya, ya haɗa su su zama tankar Sherman ko Panther. Shi ya sa kwali guda kan kai ɗaruruwan daloli, kuma in ya ƙare sai an jira.

Bindigogin 'yan sojan roba kuwa, wani injiniyan manhajar kwamfuta ne ya buɗe ƙofarsu. Will Chapman na garin Redmond a jihar Washington, ɗansa ne ya nemi makaman Yaƙin Duniya na Biyu don 'yan mutum-mutuminsa, aka duba babu. Uban ya zana a kwamfuta, ya sassaƙa mazubi na alminiyam, ya narka roba ya zuba a garejin gidansa. Haka BrickArms ta samu a 2006. Bindigar da ba ta wuce gaɓar yatsa ba, amma wanda ya san makami yana gani zai ce wannan M1 Garand ce, waccan AK-47.

To, mene ne wahalar aikin? Ai bulo ne, a ɗora wannan kan wancan. Mai faɗin haka bai zauna da ma'auni ba.

Kowane bulo yana da 'yan maɓallai a kansa waɗanda ke shiga cikin na sama su riƙe. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo milimita 9.6, sannan akwai falle, wanda uku suke yin bulo ɗaya, kowanne milimita 3.2. Waɗannan ba sa canzawa, bulon 1958 yana kama na bana. Yawancin masu gina tanka suna bin ma'aunin 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa a duniyar kwaikwayon motocin soja. A wannan ma'auni maɓalli ɗaya yana wakiltar santimita 28 na ƙarfen gaske, falle kuma wajen santimita 11. Ma'ana duk abin da bai kai tsawon yatsa ba a jikin tankar, ko dai a ƙara masa girma ko a bar shi. Ɗauki Sherman ta Amurka, wadda faɗinta ya ɗan haura mita 2.6. In ka raba, maɓalli tara ne da ɗoriya. Babu bulo mai tara da ɗoriya. In ka yi ta goma ta yi ƙiba, in ka yi ta tara ta rame, ga shi kuma mafi yawan kayan haɗin an yi su ne da lissafin bibbiyu, tara kuwa mara ce, sai ka nemo wani ɗan falle mai maɓalli guda a tsakiya wanda ke gusar da gini da rabin taki. Kan wannan rabin maɓalli magina sukan yi musu kamar za su ba hammata iska.

Ga kuma ɗan sojan da za a zaunar a ciki. Mutum-mutumin LEGO, wanda ya fito a 1978, tsayinsa wajen santimita 4 ne. In ka auna shi da namiji matsakaici, ma'aunin ya kamata ya zama kusan 1:44. Amma halittarsa gajere ne mai faɗin ƙirji, in ka gina jif a wannan ma'auni biyu ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba. In ka koma 1:35 sun samu wuri, amma kowannensu ya zama soja mai tsayin mita 1.4. Babu mafita mai gamsarwa. Kowane magini da ƙaryar da ya zaɓa ya zauna da ita, gwani shi ne wanda tasa ba ta fito fili.

Babbar jarrabawa ita ce gangara. Bulo murabba'i ne, motar yaƙi kuwa da gangan ake kwantar da sulkenta don harsashi ya zame. Ƙirjin tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyet a kwance yake da digiri 60 daga tsaye, kan Sherman kuma zubin ƙarfe ne mai kumburi, babu kusurwa. Dabarar da suka dogara da ita ita ce gini a kaikaice: a juya bulo maɓallansa su kalli gefe ko ƙasa maimakon sama. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa wani ɗan lissafi ne da kowane almajirin sana'ar ke haddacewa: kaurin falle biyar daidai yake da faɗin maɓalli biyu, duka milimita 16. Da wannan ake saka bangon da aka gina a kwance cikin wanda aka gina a tsaye ba tare da rata ba. Sulken gaba kuma a kan wani mahaɗi mai lanƙwasawa ake ɗora shi, a karkata shi har ya kai yadda ake so, a lulluɓe da falle mai santsi. In an gama, mai kallo ba ya ganin maɓalli ko ɗaya, cikin kuwa in ka buɗe tarkace ne kala-kala, ja da shuɗi da duk abin da ya fi araha, tunda ba mai gani.

Tankar Tiger ta Jamus, wadda 1,347 kacal aka ƙera, tana da nata ciwon kan: ƙafafunta shiga juna suke yi, layi bisa layi. Makanikan Jamus sun sha wuyarsu a taɓon Rasha, yau magina na shan tasu a kan tebur. Sarƙar da tanka ke tafiya a kai ma sai da Brickmania ta koma yin tata, don ta LEGO ba ta dace da kowane faɗi ba.

Sauran aikin ido ne. Sandar da ɗan mutum-mutumi ke riƙewa ta zama bututun igwa, madubin hangen nesansa ya zama fitila ko bakin salansa, wani ɗan lifa ya zama eriya. Duk wanda ya tashi a inda yara ke yin motar kara ya san wannan ido: yaron da ke duban murfin kwalba ya ga taya, ya dubi tsohon silifa ya ga abin da zai yanka. Bambancin kawai, shi mai kara yana da wuƙa, yana feƙe abin da bai yi daidai ba. A nan kuwa akwai masu tsattsauran ra'ayi da ke ganin yanka bulo, ko shafa masa fenti, ko liƙa shi da gam, ha'inci ne. Wasu har bindigar BrickArms ba sa yarda da ita. Ni dai a ganina suna da hujja a kan wuƙa da fenti, domin in an halatta su to me ya rage na gwaninta? Amma hana ɗan soja bindigar da ta yi kama da tasa, wannan tsanani ne kawai.

Launi ma abin lissafi ne. Motocin sojan Amurka na wancan yaƙi kore ne mai duhu irin na zaitun, LEGO kuwa sai wajen 2012 ta fara zuba wannan launi, kuma ba kowane kayan haɗi ake samu da shi ba. Shi ya sa za ka ga Sherman da yawa ruwan toka, kowa ya san ba haka take ba, an dai yi shiru. Ruwan tokan ma a 2004 kamfanin ya sauya shi zuwa mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ya tara tsohon ya wayi gari jarinsa bai dace da sabo ba. Masu gina tankokin Jamus sun fi sa'a: na farkon yaƙi ruwan toka ne, daga 1943 aka koma ruwan ƙasa, dukansu akwai su a kasuwa.

Kasuwar ita ce BrickLink, wadda Dan Jezek ya buɗe a intanet a 2000. Dubban ƙananan 'yan kasuwa ne ke sayen kwali sabo, su farke, su ware kayan ciki iri-iri, su sayar ɗaya-ɗaya. Magini ba ya fara taɓa bulo. Hotuna da zanen injiniyoyi yake tarawa, in da hali ya je gidan tarihi irin na Bovington a Ingila, inda Tiger 131 da aka kama a Tunisiya a 1943 take har yau tana tafiya. Sannan ya gina a kwamfuta da manhajar Studio, wadda ke nuna masa ko kayan da ya sa akwai shi da wannan launi, da abin da zai ci. Sau da yawa zane mai kyau yakan mutu a nan, saboda ya dogara da wani ɗan abu da aka daina yi shekaru ashirin da suka wuce. Mai gina guda ɗaya don kansa zai iya nemo huɗu. Mai son sayar da kwali ɗari biyar fa? Dole ya sake zane. A nan mai sha'awa da mai sana'a suke rabuwa. A ƙarshen 2019 LEGO ta saye BrickLink ɗin kanta, ba a jima ba aka daina sayar da kayan BrickArms a can. Wato masu sana'ar a rumfar wanda ba ya son hajarsu suke sayen kayan aiki.

Hanyoyin samun kuɗi ba su da yawa. Akwai sayar da cikakken kwali, akwai sayar da littafin haɗawa kaɗai mutum ya nemi bulonsa, akwai buga kaki da fuska a jikin 'yan sojoji, akwai kuma aikin kwangila na gidajen tarihi. Ɓarayin zane su ne annobar: mutum ya yi wata da watanni yana gyara tanka, ya sa hotonta, bayan ɗan lokaci ya gan ta a kwalin wata masana'anta da bulo mai araha, ba sunansa ba ladansa. Gasa ta halal ma tana nan. Haƙƙin mallakar ƙirar bulon ya daɗe da ƙarewa, kuma a 2010 kotun Tarayyar Turai ta ce siffarsa ba za ta zama tambarin kamfani ɗaya ba. COBI ta ƙasar Polan, wadda aka kafa a 1987 take kuma da masana'anta a Mielec, ta mayar da tankoki da jiragen yaƙi babbar hajarta. Ita da yake tana da mazubi, in gangara ta gagara sai ta zuba sabon kayan haɗi mai wannan gangara. Tankarta ta fi araha nesa ba kusa ba, sau da yawa ma ta fi kama da ta gaske. Magina na asali sukan taɓe baki, su ce wanda ya ƙera wa kansa amsa bai ci jarrabawa ba.

Akwai kuma masu gina abin da ba ya shiga kwali. Jumpei Mitsui na Japan ya shafe fiye da shekara shida yana gina Yamato, jirgin ruwan yaƙin da aka nutsar a watan Afrilun 1945, a ma'aunin 1:40: tsawonsa mita 6.6, kayan haɗi wajen 200,000. Siskind ya gina jirgin ruwan yaƙi USS Missouri, wanda a kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba, 1945, tsawonsa ya kusa mita 8. Irin waɗannan gunduwa-gunduwa ake gina su, a loda a mota, a haɗa a wurin baje koli.

Masu yin bindiga mai girman ta gaske su ma reshe ne. Wani matashi ɗan Birtaniya, Jack Streat, ya fitar da littafi a 2012 mai koyar da haɗa irin su AKS-74U da SPAS-12, masu harba ƙananan bulo da ƙarfin robar ɗaure kuɗi. Gwanintar a nan ta inji ce, kunama da gidan harsashi duk suna aiki. Amma daga nan ne hanya ke fara santsi. A 2021 wani kamfani a jihar Utah, Culper Precision, ya juya abin: ya yi wa bindigar Glock ta gaske riga mai kama da bulon wasa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. LEGO ta aika masa takardar gargaɗi, ya daina. Wannan kam ba a buƙatar dogon bayani. A gidan da yara suke, abin kisa ya yi kama da abin wasa?

Rigima ta taɓa BrickArms ma. A ƙarshen 2008 jaridar The Sun ta Birtaniya ta ɗauko wani ɗan mutum-mutuminta mai rufaffiyar fuska da bindiga da gurneti, ta laƙaba masa suna "Osama bin Lego", shaguɓe ga Usama bin Ladan. Ƙungiyar Musulmi ta Ramadhan Foundation ta yi tir da shi, LEGO ta ce ba ruwanta, Chapman ya ce shi ɗan fashi kawai ya yi. A 2022 kuma Citizen Brick ta Chicago ta sayar da mutum-mutumin shugaban Yukiren, Zelensky, da 'yan kwalaben bam ɗin fetur, ta tara fiye da dala 145,000 ta ba ƙungiyar agaji ta Direct Relief, aka yi ta yabo. Roba ɗaya ce, girma ɗaya. Wanda ke riƙe da makamin, da wanda ke kallo, su suka bambanta. A Jamus doka ce ta raba gardama a kan abu ɗaya: ba a sa tambarin 'yan Nazi a kayan wasa.

Ban yarda da masu cewa duk mai wannan sana'a mai son jini ne ba. Wanda ya kwana yana lissafin rabin maɓalli ya fi kusa da tela ko kafinta. Inda nake da ƙorafi shi ne yaƙin da suke nunawa. A wuraren baje kolinsu, irin World War Brick da Brickmania ke shiryawa, Normandi ce da Stalingrad da hamadar Arewacin Afirka ake ta maimaitawa, tankokin Jamus kuma sun fi yawan da suka yi a fagen fama. Da wuya ka ga dajin ƙasar Bama. Alhali runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, da Hausa a matsayin harshen bariki, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Sunayen barikin Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna daga yaƙin Bama suka samo asali. Hanyar jif suka sara da hannu a cikin duwatsu, jiragen Dakota ke jefa musu abinci daga sama, sauran kaya a ka ake ɗauka.

Jif ɗin Willys da Dakota duk akwai zanensu a kasuwa tuntuni. Manhajar Studio kyauta ce, ba ta buƙatar mutum ya mallaki bulo ko ɗaya, kuma ana sayar da littafin haɗawa daga ko'ina a duniya. Matashin da ke da kwamfuta da haƙurin lissafi, ga Kaladan nan tana jiran magini, ga kuma Ezugwu, motar sulken da DICON ta Kaduna ta fito da ita a 2019. A samo faɗinta da santimita, a raba da 28, a fara daga nan.